Shagon Gem Ya Rufe, Mu Shafa Wa Gemunmu Ruwa

 

Maƙalar wannan makon daga Kurya Madaro ta taso, a ƙaramar hukumar Ƙauran Namoda ta jihar Zamfara. Magana ce a kan wata 'yar sana'a da muke gani tana mutuwa a gabanmu ba tare da kowa ya yi mata ta'aziyya ba, wato shagon gem. Wani zai ce me ya haɗa marubuci da wurin wasan yara? A yi mana haƙuri a bi mu, kafin mu kai ƙarshe za a ga cewa cutar da ta kwantar da mai shagon gem ita ce ta daɗe tana ƙwanƙwasa ƙofarmu.

Da yawanmu da muka tashi tsakanin Ƙaura, Shinkafi da Zurmi mun san irin shagon. Ɗaki ne guda, labule a ƙofa, benci biyu ko uku, talabijin mai ƙeya a kan tebur, sai PlayStation 2 da aka rufa wa tsumma saboda ƙura. Ƙaramin janareto yana ta kuka a bayan shago, igiyarsa ta ratso ta taga. Naira goma ko ashirin ke ba ka wasa ɗaya. Wanda ba shi da ko sisi ma yana da gurbinsa a tsaye, yana kallo yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Doka ɗaya ce kowa ya sani, kuma mai shago kan maimaita ta da harshenmu na nan: “Wanda anka ci shi tashi.” A wurin nan muka fara sanin sunayen ƙasashe da tutocinsu ta hanyar Winning Eleven, tun kafin malamin labarin ƙasa ya zo kansu. A nan kuma wasu suka fara sanin zafin a doke ka a gaban jama'a ka haɗiye, gobe ka dawo.

Yau idan muka bi waɗancan ƙofofi, wata ta koma ta mai POS, wata ta mai sayar da taliya da magi, wata kuma kwaɗo ne rataye ya yi tsatsa. Waɗanda suka rage ana iya ƙirga su da yatsu.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A Ingila akwai kamfanin GAME, wanda a da yake da shaguna a manyan titunan kusan kowane gari. A watan Maris na 2012 bashi ya durƙusar da shi, aka rufe ɗaruruwan rassansa, sannan a 2019 Sports Direct mai sayar da kayan wasanni ya saye abin da ya rage. A Amurka, GameStop ya yi shekaru yana rufe shaguna ɗari bayan ɗari. Dalilinsu a fili yake: faifai suke sayarwa, faifan kuma ya daina zama dole. Bayan da aka buɗe Steam a 2003, mutane suka riƙa sayen wasa ta intanet suna sauke shi kai tsaye. A 2020 Sony ya fitar da wani nau'in PlayStation 5 wanda ko ramin saka faifai ba shi da shi. Kamfanin da ya ƙera wasa ya samu hanyar isa ga mai saye ba tare da ya bi ta hannun ɗan kasuwa ba, sai aka bar ɗan kasuwa riƙe da kanta ba kaya.

Sai dai kada mu ɗauko labarin Ingila mu kifa shi a kan Kurya yadda yake. Shagon gem ɗinmu bai taɓa rayuwa da sayar da faifai ba. Yaran da ke da na'urar gem a gidajensu 'yan kaɗan ne ƙwarai. Na'urar kanta ta hannu ce, an shigo da ita ta Legas ta biyo Kano, ta sauka Gusau kafin ta iso mana, faifan kuwa kwafi ne, daga baya ma filasha ta maye gurbinsa. Abin da mai shagon yake sayarwa shi ne lokaci: minti goma a gaban na'urar da ba za ka iya saye ba, da wutar da babu ita a gidanku, a tsakiyar sa'o'inka. Idan muka riƙe wannan, za mu fi gane abin da ya kashe shi da kuma abin da zai iya tayar da shi.

Abu na farko da kowa ke ambata shi ne waya, kuma gaskiya ne. Wayar Android mai sauƙin kuɗi ta shiga aljihun samari, ta zo da Dream League, da PUBG, da Free Fire, da ludo. A 2021 ma kamfanin Konami ya sauya wa wasan ƙwallon nan da muka sani da PES suna zuwa eFootball, ya mai da shi kyauta ga mai son saukewa. Yaron da a da yake tara kuɗin tara don ya je shago, yanzu data yake saye da su ya kwanta a zaure.

Amma da waya ce kaɗai, da shagunan sun yi ta jan ƙafa, domin har gobe babban allo da hannun gem na gaske da ihun abokai sun fi ƙaramin gilashin waya daɗi. Mai shi ne ya karya lissafin. Sana'ar nan a kan janareto take tsaye, domin wutar NEPA a wajenmu baƙuwa ce, wasu garuruwan ma an manta rabon da a gan ta. Kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Cikin kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mai shago ba zai iya ninka kuɗin wasa sau biyar ba, domin abokan cinikinsa yara ne masu canjin aike. Ga kuma faɗuwar naira da ta sa na'ura da hannun gem suka yi tsada. PS2 ɗin da ta mutu ba ta da magaji, PS4 kuwa kuɗinta jarin wata sana'ar ne sukutum.

Sai kuma abin da mu 'yan wannan yanki ba ma buƙatar a yi mana bayaninsa, wato rashin tsaro. Kasuwar shagon gem daga la'asar zuwa bayan isha'i take ci. Garin da ake shiga gida tun magariba, ake kashe fitila don kada haske ya nuna wuri, ake tsoron ƙarar inji ta hana a ji abin da ke tahowa, ba garin da za a tara yara ashirin a ɗaki ɗaya ba ne. Hanyar da mai shago ke bi ya sayo kaya ko ya kai gyara ta zama abin da sai an yi addu'a an yi sallama da iyali. Wasu masu shagunan sun sayar da na'urorinsu don haɗa kuɗin fansar ɗan uwa, wasu sun kwashe sun koma Gusau ko Kano. Irin wannan asara ba ta shiga lissafin kowa, domin ba a ɗauke ta a matsayin asara ba.

A nan ne za mu saurari masu cewa gara da aka yi. Iyaye da malamai da yawa ba su taɓa ƙaunar shagon gem ba, kuma suna da hujja. Mun san yaran da suka riƙa guje wa makarantar allo da ta boko saboda shi. Mun san wanda ya taɓa kuɗin cefane, ya sha bulala. Mun san shagunan da ake kiran salla ana ci gaba da wasa, da waɗanda aka mayar wurin caca, ana ɗora kuɗi a kan wanda zai ci. A jihar da ta riga kowa ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, ba abin mamaki ba ne a kalli irin wannan wuri da ido ɗaya. Ba mu zo wanke shagon gem daga laifinsa ba.

Tambayarmu ita ce, da shagon ya rufe, wasan ya tsaya? Bai tsaya ba, ɗaki ya koma. A shago akwai babba da ke iya cewa lokaci ya yi a tashi a yi salla, akwai maƙwabci da zai leƙo ya ga ɗan wane da kayan makaranta ya kore shi, uba kuma ya san ƙofar da zai tsaya ya kira ɗansa. Wayar da ke ƙarƙashin bargo ƙarfe biyun dare ba ta da mai gadi. Cacar da a da ake yi a ɓoye da naira hamsin, yanzu manhajojin cacar ƙwallo sun kawo ta tafin hannu, dare da rana. Ga kuma saurayin da shagon ke ciyarwa, da yaron da yake ɗauka yana karɓar masa kuɗi. A yankin da zaman banza ke da masu zawarcinsa a daji, duk ƙofar sana'a da ta rufe, komai ƙanƙantarta, abin damuwa ce. Shagon da ke da aibi ana iya gyara shi da doka da sa ido, wanda ya rufe kuwa ya fita hannun kowa.

Akwai wani abu da ya faru da mu wanda ya koya mana darasi a kan wannan batu. A farkon Satumbar 2021 aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda aikin soja. A daidai lokacin an rufe kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka, an rufe makarantu, an kuma sa dokar hana fita da dare. Gusau ta samu layi bayan kamar wata guda, mu na ƙananan hukumomi muka ƙara jira. Wayoyin nan da aka ce sun maye gurbin komai sai suka zama fitila da rediyo. Wa aka koma nema? Mai turi. Mutumin nan mai tsohuwar kwamfuta da ke cike da fina-finai, karatun malamai, waƙoƙi da wasannin da ba su buƙatar intanet, shi ya zama intanet ɗin gari. Wanda ya fita zuwa inda ake da sabis ya dawo da sabon abu a memori, wurinsa ake kaiwa ya yaɗu. Mai sola da ke cajin waya shi ma bai zauna ba. Mai janareto kuwa, da aka hana shi mai a jarka, sai ya ja ƙofa. Makonnin nan sun nuna mana cewa jama'a ba su daina buƙatar ɗan kasuwar unguwa ba. Wanda ke da wutar kansa, da kayan da ke hannunsa, da amanar mutane, shi ne ya tsaya da ƙafafunsa.

Idan muka dubi shagunan da suka rage a Ƙaura da kewaye, kusan duk kamarsu ɗaya. Babu wanda ya dogara da gem kaɗai. Farantin sola ne a kan rufi, ana cajin waya da rana, ana turi, ana sayar da caja da abin jin sauti da gilashin waya, ga POS a gefe tun ƙarancin takardun kuɗin farkon 2023 da ya koya wa kowa turawa ta waya. Ranar da ake buga Firimiya ko gasar zakarun Turai wurin ya zama gidan kallo, ranar da babu ƙwallo a kunna gem. Wasu kan shirya gasa tsakanin unguwanni, a sa ɗan kuɗin shiga, wanda ya yi nasara a ba shi riga ko kati. Abin da suke sayarwa shi ne abin da ba ya biyowa ta iska: wuta, gyara, wurin zama, da fuskar da ka sani wadda za ka koma wa idan abin da ka saya ya lalace. Babban kamfani da ke wata ƙasa ba zai ba ka bashin caji zuwa ranar kasuwa ba, kuma ba zai ajiye maka waya ka je gona ka dawo ba.

Wannan ba ya nufin hanya a share take. Sola da batir jari ne mai nauyi, kuma yawancin masu irin wannan sana'a ba su da inda za su ranto. Mai POS ya zama abin hari. Ribar kowane ɓangare 'yar kaɗan ce, sai an tara su wuri guda take zama abinci. Amma ko a da ma haka garuruwanmu suka rayu. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, nan ne ƙarshen layin da ya taso daga Zariya, kuma an yi zamanin da gyaɗa da auduga suka sa tasha ta zama zuciyar gari. Jirgi ya daina zuwa, sana'o'in bakin tasha suka watse, 'yan kasuwa suka juya ga mota da babur. Waɗanda suka zauna jiran jiniya su ne suka sha wuya.

To, ina mu marubuta a cikin wannan labari? Muna tsakiyarsa. Waɗanda suka riga mu a wannan fage sun san zamanin da littafi ke fitowa daga maɗaba'a a Kano, ya sauka a hannun dillalai a Bata da kasuwar Sabon Gari, ya bi motoci har ya iso teburin mai littattafai a kasuwar ƙauye. Akwai masu bayar da haya, mace ta aiko yaro da 'yan kuɗi ya karɓo mata na ɗaya, gobe ya mayar ya karɓo na biyu. 'Yan fim ma haka suka yi da Ƙofar Wambai, daga kaset zuwa CD, har turi da satar fasaha suka rushe kasuwar, suka koma YouTube da tashoshi irin Arewa24. Mu kuma muka koma Wattpad da WhatsApp da manhajojin sayar da littafi. Mun yi murna cewa mun huta da dillali, kuma gaskiya wasu dillalan sun ci guminmu. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, me muka samu a madadinsa? Marubuciya ta kwana tana bugawa da babban yatsa, ta sa kuɗi kaɗan a kan littafinta, mutum ɗaya ya biya, kafin gari ya waye an watsa shi a zauruka hamsin. Manhajar da muka jingina da ita ma ba ta da tabbas: OkadaBooks, wadda marubutan Nijeriya da dama suka zuba littattafansu a ciki, ta rufe a ƙarshen 2023. Mai teburin littattafai, duk da halinsa, mutum ne da muke iya zuwa mu same shi mu yi rigima ido da ido.

Ga kuma mai karatun da muka bari a baya ba mu sani ba. Matar da ke Kurya ko wani ƙauyen Zurmi wadda ba ta da kuɗin data kullum, wadda sabis ke zuwa mata yana ɗaukewa, ba ta daina son labari ba. Wurin mai turi take aikawa a sa mata littafin da aka karanta da murya, tana aiki tana saurare. Sau nawa muka tambayi kanmu ta wace hanya aikinmu ya isa wurinta, kuma wa ya ci kuɗin? Mun saba kiran mai turi ɓarawo mu wuce. Wani lokaci sunan ya dace da shi. Amma shi ne kaɗai kantin adabi da ya rage a garuruwa da yawa, kuma ba mu taɓa zama da shi mun yi ciniki ba.

Shawararmu ga wannan zaure guda biyu ce, kuma duka ba su fi ƙarfinmu ba.

Ta farko, kowannenmu ya nemi mai shago ɗaya a garinsu, mai caji ko mai turi ko mai gem, ya yi magana da shi a matsayin abokin sana'a. A kai masa kwafi biyar na littafi ya ajiye a kanta, a yanka masa ladansa a fili. Wanda ke da littafin murya ya ba shi da izini a kan yarjejeniya, ko da kuɗin kaɗan ne, maimakon ya same shi ta bayan gida. Inda hali ya yi, a roƙi bencinsa da rana kafin 'yan ƙwallo su zo, a yi karatun gajeren labari ga samarin da ke zaune suna jiran wayarsu ta cika. Wani zai ci amana, wannan babu makawa. Amma wanda ya riƙe ta ya zama mana ƙofa a garin da ba mu da kowa, shi kuma ya samu ƙarin dalilin da zai sa a shigo shagonsa.

Ta biyu ta fi kusa da aikinmu. Mu rubuta waɗannan wurare tun masu su suna raye suna iya ba da labari. Littattafanmu sun cika da gidajen Abuja da jiragen Dubai da yawancinmu ba mu taɓa shiga ba, alhali ga ɗaki mai labule da muka yi ƙuruciya a cikinsa babu wanda ya sa shi a takarda. Akwai labari a wurin saurayin da ya sayar da akuyar uwarsa ya sayo PS2, ya ciyar da gida da ita shekara da shekaru, ranar ƙarshe ya naɗe igiyoyinta ya sa a kwali. Akwai labari a wurin yaron da ba ya da kuɗin wasa amma ya fi kowa iyawa, masu kuɗi na ba shi hannu ya rama musu. Mu je mu tambayi mai shagon nawa ya fara da shi, ina yake sayo kaya, wace rana ce ya gane cewa abin ya ƙare, me yake yi yanzu. Mu rubuta da kalmominsa, da karin harshensa, kada mu goge masa “munka” da “anka” don mu burge wani. Idan ba mu yi ba, nan da shekara ashirin jikokinmu za su san tarihin GameStop daga intanet, ba za su san an taɓa yin shagon gem a Kurya Madaro ba.

Hausawa sun ce idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Na mai shagon gem ya riga ya kama, namu ma mun fara jin ƙauri. Mu da shi duk ƙananan 'yan kasuwa ne masu neman mutanen unguwa ɗaya, kuma zai fi mana sauƙi mu neme su tare.

Aikin wannan makon: kowa ya rubuto mana shafi ɗaya a kan wani shago na garinsu da ya rufe, ko na gem, ko na kaset, ko na hayar littafi. A sakaya sunan mai shi idan bai ba da izini ba. A faɗa mana abin da ke cikin ɗakin, da abin da ke wurin yanzu.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da Arewa baki ɗaya, Ya sa albarka a sana'ar kowa. Sai mun ji daga gare ku.